Iska Ce ko Baƙin Ciki? Mace da Hauka a Tsofaffin Littattafanmu

A ƙasar Funtua da Malumfashi, kamar sauran ƙasar Hausa, muna da kalmomi da yawa da muke rufa wa mace asiri da su idan hankalinta ya gushe. Mukan ce iskokinta sun tashi. Mukan ce an yi mata sammu, ko an jefe ta, ko ta yi gamo a bakin rafi da magariba. Idan ta bar gida ta miƙi hanya ba waiwaye, mu ce kurciya aka yi mata. Sai abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa muke furta kalmar hauka, ita ma da murya ƙasa-ƙasa, saboda akwai ƙannenta mata da ba su yi aure ba tukuna.

Idan muka duba da kyau, duk kalmomin nan yatsa suke nunawa wani wuri: daji, aljan, boka, ko kishiya. Babu ko ɗaya da ke nuna turakar maigida, ko zauren uban da ya ɗaura auren. Wannan ne ya sa muka koma kan tsofaffin littattafai, namu da na wasu, don mu ga yadda suka ba da labarin macen da zaman gidan miji ya taɓa wa hankali, da kuma wanda suka ɗora wa alhakin.

Ɗakin da aka kulle

A adabin Turawa wannan mata sananniya ce. A 1847 Charlotte Brontë ta fitar da Jane Eyre a Ingila. A cikinsa akwai Bertha, matar da Rochester ya auro daga Jamaika, ya kulle ta a saman bene shekara da shekaru da hujjar mahaukaciya ce, har ya nemi ya auri wata ba tare da ya faɗa mata yana da mata ba. Bertha ba ta da bakin magana a littafin. Dariyarta kawai ake ji cikin dare, daga ƙarshe ta cinna wa gidan wuta ta faɗo daga kan rufi. Sai a 1966 Jean Rhys, wadda ita ma 'yar tsibiran Karebiyan ce, ta rubuta Wide Sargasso Sea, ta ba matar nan baki, ta nuna yadda aka aure ta don dukiyarta, aka canja mata suna, aka raba ta da ƙasarta, kafin a ce ta haukace.

A Amurka kuma, a 1892, Charlotte Perkins Gilman ta buga gajeren labari mai suna The Yellow Wallpaper. Mai jego ce take ba da labarin. Mijinta likita ne, ya yanke hukuncin cewa maganinta hutu ne: kada ta yi rubutu, kada ta yi aiki, kada ta yi baƙi. Ya ajiye ta a ɗaki mai tagogi da ƙarafa. Ba ta da abin kallo sai takardar ado da aka manna a bango, har ta fara ganin wata mata a bayan zanen tana neman fitowa. Gilman ta san abin da take faɗa, domin a 1887 wani shahararren likita, Silas Weir Mitchell, ya yi mata irin wannan magani. Mijin da ke cikin labarin ba ya duka, ba ya zagi. Da lallashi yake magana, kuma ya yi imani taimakonta yake yi. Abin da ya sa labarin ke da ban tsoro ke nan.

Marubutan Afirka mata sun ɗauki zaren. A littafin Mariama Bâ ta Senegal, Un chant écarlate na 1981, Mireille ta zauce bayan ta gano mijinta ya yi wani aure a ɓoye. A Nervous Conditions na Tsitsi Dangarembga ta Zimbabuwe, 1988, Nyasha ta yi yaƙi da ikon mahaifinta da abu ɗaya da ya rage a hannunta, wato cikinta: ta daina riƙe abinci har ta kusa hallaka.

To mu fa? Ina tamu matar take?

Littattafan gasar 1933

Ƙagaggen labari na boko a Hausa ya fara ne da gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Jiki Magayi, na John Tafida da East, ya zo tare da su. Duk maza ne suka rubuta, kuma 'yan makaranta maza aka fi nufa da su.

Jiki Magayi ne ya fi kusa da zancenmu. Abubakar yana son Zainab, sai attajiri Malam Shehu ya shiga tsakani da ƙarfin dukiya ya aure ta. Ga duk kayan haɗin labarin macen da zuciyarta za ta karye. Amma littafin bai zauna da Zainab a ɗakinta ba. Ya bi Abubakar cikin dazuzzuka yana neman asirin ramuwa, asirin kuma ya sauka a kan Kyauta, ɗan da Zainab ta haifa, ya lalace ya zama annoba ga mahaifinsa. Wanda ƙiyayya ta cinye namiji ne, wanda aka juya wa hali namiji ne. Ita Zainab, wadda a kanta aka yi komai, gona ce da maza biyu suke rikici a kan iyakarta.

A Shaihu Umar mun fi kusantar zuciyar mace. Mahaifiyar Umar ta bar gida ita kaɗai ta bi sawun ɗanta da aka sace, ta faɗa hannun masu cinikin bayi, aka ƙetara Sahara da ita. Baƙin ciki ya cinye ta, ta ƙi sakin jiki da bauta, ta rame ta ƙanjame, ta rasu jim kaɗan bayan ta sake ganin ɗan nata. Da likitan yau zai duba ta, da ya ba ciwonta suna. Littafin ya ba shi sunan da kowa zai yarda da shi: son uwa ga ɗanta. Wannan ƙin da ta yi abin yabo ne a idon mai karatu, domin ubangijin bauta ta ƙi. Da miji ta ƙi wa haka, da wani suna za mu kira ta?

Ƙofofin da kakanninmu suka sani

Rashin matar da aka kulle a bene a littattafanmu na farko yana da dalili na biyu, bayan kasancewar marubutan maza. Gidan Bahaushe yana da ƙofofin da gidan Baturen ƙarni na 19 ba shi da su. Matar Ingila ta zamanin Brontë da wuya ta iya rabuwa da miji, dukiyarta ma tasa ce a doka. Bahaushiya kuwa tana da yaji, tana da alƙali, tana da hul'i, kuma abin da ta samu a kaɗi ko dakau nata ne.

Shaidar wannan tana nan kusa da mu. A Giwa, kan hanyar Funtua zuwa Zariya, Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, ta rubuta tarihin rayuwarta, aka buga a 1954. Baba ta yi aure huɗu. Na farko auren zumunci ne da ba ta so, ta zauna gwargwadon abin da zai fitar da iyaye kunya, sannan ta fita. Tana ba da labarin fitar mata daga aure kamar yadda ake ba da labarin damina da rani. Wasan kwaikwayon Uwar Gulma na Mohammed Sada, wanda da yawanmu muka karanta a sakandare, ya bi wannan hanya: Halima ta sha wuya a hannun Hayatu, ta kai kuka gidan iyaye, magana ta ƙare a gaban alƙali.

Akwai kuma ƙofa ta uku, wadda ba mu cika son ambatonta ba yanzu: bori. Macen da ciwo ya ƙi ji mata magani akan ce iska ce, a yi mata girka, ta zama godiyar wani daga cikin mutanen Jangare. Idan ya hau ta, bakin nata ne amma maganar tasa ce. Yana iya neman zane, ko turare, ko akuya, yana iya faɗa wa maigida abin da matar ba ta isa ta faɗa ba, kuma ba wanda zai ce ta yi rashin kunya. Masanin halayyar al'umma I. M. Lewis, a littafinsa na 1971, ya ɗauki irin wannan a matsayin makamin marasa ƙarfi, hanyar da mata ke karɓar haƙƙinsu a kaikaice daga Somaliya har ƙasar Hausa.

Sai dai bai kamata mu haɗiye wannan bayani ɗungurungum ba. Murray Last, wanda ya rubuta tarihin Daular Sakkwato, ya zauna shekaru a wani gidan Maguzawa a ƙasar Malumfashi wajen farkon shekarun 1970, yana nazarin yadda mutane ke fahimtar ciwo. A rubutunsa, bori magani ne kafin komai, kuma masu zuwa wajensa marasa lafiya ne na gaske. A wata maƙala tasa ta 1981 ya nuna cewa mutanen Malumfashi ba su damu ƙwarai da sanin asalin ciwo dalla-dalla ba. Sukan gwada asibiti, su gwada malam, su gwada boka, duk wanda Allah ya sa a dace. Wato matar da ta faɗi tana birgima ba lallai wasan kwaikwayo take yi don ta sami zane ba. Tana iya zama mai ciwo, kuma ciwon nata yana iya zama yana da nasaba da zaman da take yi. Biyun suna haɗuwa a jiki ɗaya.

Yadda ƙofofin suka ƙuntata

Ƙarni na 20 ya sauya zaman mata a wannan yanki. Layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wanda aka kammala a 1929, ya ratsa Funtua. Kamfanin auduga na BCGA ya kafa injinan gurza a Funtua da Malumfashi, kuɗi ya shigo hannun magidanta. Da bauta ta ƙare, matan da a da suke noma da itace suka janye daga gona, domin zaman kulle ya zama alamar 'yanci da rufin asiri, abin da M. G. Smith ya lura da shi a ƙasar Zazzau. Kulle bai hana sana'a ba. Polly Hill ta nuna a Batagarawa yadda mata ke ciniki daga cikin gida ta hannun yara. Amma ya rage idon da ke ganin mace, ya rage kunnen da ke jin ta.

Bori kuwa tun jihadi malamai suke yaƙarsa a matsayin shirka. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta fahimci cewa ba a raba mata da dandalinsu a bar su haka nan. Ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajis suna kai karatu ƙauyuka, mata suka sami wani wurin haɗuwa da wata murya. Inda aka rushe dandali ba a gina makaranta ba, mace ta rasa biyun.

Iskokin ba su tafi ko'ina ba, suna kawai suka canja. A tsakiyar shekarun 1990 ɗaruruwan 'yan mata a makarantun sakandare na Kano suka riƙa faɗuwa suna ihu, aka danganta abin da wata aljana da ake kira Sumbuka. Daga lokacin ruƙiyya ta bazu a garuruwanmu. Akwai bambanci babba a yadda ake karɓar muryar. A dandalin girka akan tambayi iska me take so. A ɗakin ruƙiyya umartar aljani ake yi ya fita. Ba muna jayayya da ayar Allah a matsayin waraka ba. Tambayarmu ita ce: bayan aljani ya fita, wa ke zama ya tambayi yarinyar me ke damunta?

Da mata suka ɗauki alƙalami

Kafin littafi, ƙwarya ce ta fara magana. Hajiya Sa'adatu Barmani Choge, 'yar ƙasar Funtua da ta rasu a 2013, ta shafe shekaru tana kiɗan amada a gidajen biki, tana zaburar da mata su kama sana'a, tana yi wa zaman kishi ba'a a gaban kowa. Abin da iska ke faɗa da bakin aro, Barmani ta faɗe shi da nata bakin, mata suna shewa.

A 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, inda Boɗaɗo ta tsaya kan wanda take so duk da ƙin dangi. Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? suka biyo baya. A na ƙarshen, an aurar da Abu ga Sarkin Noma, sa'an mahaifinta. Da Gilman ce ta rubuta, da wataƙila a ɗaki labarin zai ƙare, Abu na kallon bango. Balaraba ta sa ta gudu Kano wajen 'yar'uwar mahaifinta, ta koma karatu, ta tsaya da ƙafafunta. Rabi ta Alhaki Kuykuyo Ne, da aka kora da 'ya'ya tara, tukunyar abincin sayarwa ta ɗora.

A nan Funtua, Bilkisu Salisu Ahmed, Anti Bilki, ta cika shekarun 1990 da littattafai irin su Allura Cikin Ruwa, da Wa Ya San Gobe?, da Ki Yarda Da Ni wanda aka mayar fim. Taurarinta ba su cika fasa gida ba. Sukan yi karatu mai zurfi, su yi aiki, su riƙe addini, su yi amfani da shi wajen neman haƙƙinsu. Wani manazarci Ba'amurke, Novian Whitsitt, ya siffanta salonta da tawaye mai taka-tsantsan. Muhawarar da ta biyo bayan waɗannan littattafai ma 'yan yankin nan ne a gabanta: Ibrahim Malumfashi yana sukar abin da ya kira adabin kasuwar Kano, Ibrahim Sheme na ƙasar Faskari yana buɗe wa zancen shafukan jarida.

Abin da matan nan suka yi zaɓi ne mai ma'ana. Suna rubuta wa yarinyar da ke karatu a ɓoye a ɗakin amarci, kuma ba su ga amfanin nuna mata tauraruwar da ta ƙare a turu ba. Sun nuna mata tasha, da makarantar yaƙi da jahilci, da jarin ƙosai.

Amma akwai abin da aka bari a baya. A ɗimbin littattafan soyayya da finafinan da suka biyo, har zuwa waɗanda muke karantawa yau a waya, hauka ya yawaita, sai dai kusan kullum ta hanya biyu yake zuwa. Ko kishiya ce ta je wajen boka ta haukata baiwar Allah, ko kuwa muguwar ce asirinta ya koma kanta, a gan ta a bola tana tsince-tsince, mai karatu ya ce alhaki ne. A duka biyun mace ce ta cuci mace, maigida kuma an juya masa hankali ne, ba shi da laifi. A duka biyun hauka hukunci ne ko makami. Da wuya ya zama ciwo mai magani.

Turu da doka

Wannan hoto yana da farashi a wajen littafi. Dokar mahaukata ta 1916 da Turawa suka kafa, wadda aka sabunta a 1958, ta fi damuwa da tsare mutum fiye da warkar da shi, kuma a Arewa gidajen yarin En'e sun daɗe suna ajiye masu taɓin hankali. Tun 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya gwada wata hanya a Aro ta Abeokuta, inda majiyyaci ke zama a ƙauye tare da ɗan'uwansa yana karɓar magani. Duk da haka tsohuwar dokar ta rayu har Janairun 2023, lokacin da Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. A 2019 mun ga abin da 'yan sanda suka fito da shi daga gidajen mari a Kaduna da Daura da Katsina: mutane cikin sarƙa, waɗanda 'yan'uwansu ne suka kai su da hannunsu.

A fiƙihun Malikiyya da muke bi, hauka na cikin aibobin da ke ba miji ko mata zaɓin warware aure. Haka kuma cutarwa hujja ce da alƙali zai raba aure a kanta, kuma Bukhari ya ruwaito yadda Annabi (SAW) ya warware auren Khansa'u bint Khidham da mahaifinta ya ɗaura ba da sonta ba. Hukuncin farko kowa ya haddace shi idan ana son a mayar da mace gidansu. Na biyu da na uku sai an tuna mana.

Kurakurai biyu

Akwai kuskure biyu da tarihin nan ke gargaɗinmu a kansu. Na farko shi ne mu kira ƙi da sunan hauka. Yarinyar da ta ce ba ta son wanda aka ba ta, ta daina cin abinci, ta gudu sau uku, ba lallai aljani ne ya aure ta ba. Mai yiwuwa amsa ta bayar, mu ne ba mu son jin ta.

Na biyu shi ne mu kira hauka da sunan jarunta, kuskuren da masu nazarin adabi suka fi faɗawa. Bertha ta ƙone gidan, amma ita ce ta mutu. Matar Gilman ta yage takardar bango, amma da rarrafe labarin ya ƙare. Taɓin hankalin da ke biyo bayan haihuwa yana samun mace ɗaya ko biyu a cikin kowace haihuwa 1,000, ciwon damuwa na masu jego ya fi haka yawa nesa ba kusa ba, kuma duka biyun suna jin magani. Mai jegon da ta daina barci, ta ƙi ɗanta, tana jin muryoyi, ba zanga-zanga take yi ba. Asibiti take bukata, ko Barnawa a Kaduna, ko Dawanau a Kano, ko babban asibiti mafi kusa, kuma yau take bukatarsa, tare da addu'ar da za a yi mata.

Rarrabe waɗannan biyun ba ya yiwuwa sai an zauna an saurari matar. A nan ne marubutanmu ke da aiki. Jean Rhys ta jira shekara 119 kafin ta buɗe wa Bertha baki. Zainab ta Jiki Magayi ta kai shekara casa'in a ɗakin Malam Shehu, har yanzu ba wanda ya shiga ya tambaye ta yadda ta kwana. Wataƙila wadda za ta yi wannan sallama tana Bakori ko Ƙafur ko Ɗanja a yanzu haka, da waya a hannunta, tana karanta wannan shafi.